Gwangwani na Biyar

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Takarda ta zo yau daga ma'aikata. Fim ɗin asibiti ya cika shekara arba'in, za a yi masa biki, minista da kansa zai zauna a kujerar gaba ya tafa. Saboda haka a tattara gwangwanayensa shida da ke ɗakin sanyi, a miƙa wa wani kamfani domin gyara. Gyara. An ba kura ajiyar nama, har da tambarin hukuma a ƙasa.

Darakta ne ya karanta mana a tsaye, turarensa ya riga muryarsa isowa. In ka cire shi, mu uku ne duk ma'aikatan ma'ajiyar fina-finai: Kawu, yayan Umma, mai riƙe da mabuɗin ɗakin sanyi shekara talatin da ɗaya, da Anti mai buga takardu, sai ni mai goge gwangwanaye da liƙa musu lamba. Na buɗe baki zan yi magana, Kawu ya taka min ƙafa.

Bari in rubuta dalilin fushina, kar gobe in ɗauka zafin rana ne. Kowa a ƙasar nan yana ganin ya kalli fim ɗin: akawun da ya ƙi sa hannu a kan an gama asibitin da ba a gina ba, aka kore shi, aka ɗaure shi. Amma wanda ake sawa a talabijin yankakke ne tun fil azal. An cire minti goma sha ɗaya daga naɗi na biyar. A wurin, mai shirya fim ɗin ya bar 'yan wasa, ya ɗauki kyamara ya tafi wani kangon asibiti na gaske. Awaki kwance a ɗakin haihuwa. Wata mata da ba 'yar wasa ba ta shigo tana nuna inda aka ce gadaje za su kasance. Sannan kyamara ta tsaya cak a kan allon kwangila, ta ƙi tashi, har sai ka karanta sunan ɗan kwangilar sau uku. Wannan ɗan kwangilar shi ya haifi ministan da zai zo ya tafa.

Sau ɗaya na gani. Watana na farko a aiki Kawu ya kira ni, na tarar har ya ɗora shi a teburin dubawa. Ya ce kalli, kuma ka kama bakinka.

Da Darakta ya fita na bi Kawu ɗakin sanyi.

"Kawu, ka san abin da za su yi wa na biyar."

"Na sani, Barkono."

"To?"

"To a ba su."

"Haka kawai?"

"Nasu ne. Ni mai gadi ne. Ɗauko tsumma, na uku ya yi ƙura."

Na ce masa sanyin ɗakin nan ya shige masa jini. Na ce shekara talatin da ɗaya yana gadin abin da ba zai iya cewa a'a a kansa ba sau ɗaya. Dariya ya yi, ya ce in na gama wa'azi in kashe fitila.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe 2 na rana

An aike ni ma'aikata da fayil. Akawun da ke karɓa ya jujjuya shi, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗan'uwa, takarda ba ta da ƙafa." Duk ofis aka kwashe da dariya. Maganar mugun da ke cikin fim ɗin ce, abin da yake faɗa ke nan in yana so a shafa masa hannu. Shekara arba'in, wannan kaɗai muka haddace. An yi fim don a kunyata ɓarayi, ɓarayi suka samu karin magana a ciki.

Na ce masa ai ita takardar ta fi shi, ko ba ƙafa tana da fuska. Fayil ɗin yana can ƙarƙashin tulin, sai Allah.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Litinin za su zo ɗauka. Kawu ya tafi awon hawan jini da hantsi, ya bar mabuɗi inda ya saba bari, a cikin kofin shayinsa cikin durowa.

Jakata ta yi nauyi yau. Umma ta tambaya, na ce littattafai ne.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Na aro tsani a maƙwabta. Na ce wa Umma ɓera ne a silin ɗin ɗakina.

Ban sayi littafi ba tun watan jiya.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe 7 na yamma

Mutanen kamfani su biyu, da akwatin ƙarfe da takardar ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, shida. Suka sake ƙirgawa kamar lambar za ta tsiro. Darakta ya zo da gudu, yau gumi ya rinjayi turare.

Kawu ya daɗe yana kallon gurbin da ke kan kanta. Bai kalle ni ba. Na so ya kalle ni. Na shirya fuskar da zan nuna masa tun daren Juma'a, fuskar wanda ya yi abin da manya suka kasa.

Darakta ya ce, "Wa ke shiga ɗakin nan?"

Kawu ya ce, "Ni kaɗai ke da mabuɗi, ranka ya daɗe."

"Yaron nan fa?"

"Ba ya shiga sai ina nan."

Ƙarya ce, kuma ya san ƙarya ce. Ni da ba a taɓa riga ni magana ba, na tsaya da tsumma a hannu.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

'Yan sanda sun tafi da Kawu. Sun ce tambayoyi ne kawai.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe 8 na safe

Bai dawo ba. Umma ta zuba abinci a kula, ta ɗaure magungunansa a leda, ta rubuta safe da yamma a jikin kowanne da birona. Tana ɗaurewa tana cewa, "Mutumin da ko allurar gwamnati bai taɓa kawowa gida ba. Allah ya isa tsakaninmu da wanda ya ja masa."

Na ce amin. Ina zan sa kaina in ban ce ba?

A wani littafi marar bango da na saya a bakin titi na karanta cewa duk wani babban sauyi sai an taka wani marar laifi a hanya. Lokacin har layi na ja a ƙarƙashin maganar. Yau na neme ta na sake karantawa. Wanda ya rubuta ba shi da kawu.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe 1 na rana

Mai bincike ya zo ofis, wani siriri mai jan biro. Tambaya uku ya yi min, na ba shi amsa goma sha biyar. Na yi masa tarihin fim ɗin, na yi masa tarihin ƙasa, na tambaye shi ko ya taɓa binciken inda asibitin ya shiga. Yana ta rubutu yana hamma.

Da ya tafi Anti ta zare takarda daga na'ura ba tare da ta juyo ba.

"Barkono, yau bakinka ya fi na kullum gudu."

"Gaskiya nake faɗa, Anti."

"Uhm. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as."

Na ce ban gane ba. Ta ce ita ma ba ta ce komai ba.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe 3 na rana

Zafi. Kwanon rufi yana ƙara kamar ana taka shi. Na kwanta rigingine, na juya na fuskanci bango. Ba na son kallon sama a ɗakin nan.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

An kafa kwamiti. In ƙasar nan ta rasa abin yi sai ta haifi kwamiti. Sun yanke cewa wataƙila ba sata ba ce, tsufa ne ya sa Kawu ya saka naɗin a wani gwangwanin. Don haka za a buɗe duk gwangwanayen ɗakin sanyi, dubu huɗu da wani abu, a ɗora kowanne a tebur a duba. Sun kawo wani ma'aikacin kamfani mai farar safar hannu, ni kuma ni ne jakin da ke ɗauko masa.

Na yi dariya har Anti ta harare ni. Su buɗe. Su kalli bikin buɗe rijiya, da faretin 'yan makaranta, da yadda ake wanke hannu kashi na ɗaya zuwa na tara. Su shekara suna nema.

Yau mun gama layi biyu cikin goma sha huɗu.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Kwana takwas. Umma ta daina kunna rediyo. Ƙafafun Kawu sun kumbura, in ji ta.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Sun bar ni na gan shi. Ɗaki ne mai benci biyu da taga can sama, da ɗan sanda zaune a bakin ƙofa yana danna waya. Kawu ya shigo da silifas da ba nasa ba, nasa sun daina shiga. Gemunsa ya fito fari fat. Ban san fari ba ne, kullum a aske nake ganinsa.

"Barkono. Wa ke duba janareta?"

Wannan ce gaisuwarsa. Na ce ni. Ya tambayi ma'aunin sanyi, na faɗa masa. Ya ce ya yi sama da ɗigo biyu, in rage.

Don in ba shi dariya sai na kawo labarin kwamiti, har ina kwaikwayon mai safar hannu yadda yake ɗaga fim da yatsa biyu kamar ya tsinci mushe. Kawu bai yi dariya ba. Tun da aka fara abin nan ban ga fuskarsa ta motsa ba sai yau.

"Duka za su buɗe?"

"Duka."

"Sun kai layi na nawa?"

"Na takwas."

Ya yi lissafi da leɓe. Sannan ya matso, ya kama hannuna, tafinsa da zafi.

"Idan akwai wanda ya san inda abin nan yake, ya mayar kafin Laraba. In suka gan shi za su daina nema."

"Ya mayar su yanka?"

"Ya mayar."

"Kawu, minti goma sha ɗayan nan su ne..."

"Ɗana." Bai taɓa kirana haka ba. "Ban taɓa roƙonka komai ba."

Ɗan sandan ya ɗago kai, Kawu ya saki hannuna, ya koma tambayar Umma.

A mota ina ta tafasa. Kwana goma sha ɗaya sun karya shi. Ban ga laifinsa ba, tsoho ne, ƙafarsa ta kumbura. Amma in na mayar, wahalar da ya sha ta tashi a banza. Haka na faɗa wa kaina tun daga tasha har gida, kuma maganar ta yi daɗi a kunnena. Duk maganata daɗi take min a kunne, ciwona ke nan.

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe 10 na safe

Zan mayar gobe.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

An sa mai gadi yana duba jaka a ƙofa. Ta fita yake dubawa, ba ta shiga ba. Na lura da haka, kar in yi wa kaina ƙarya. Layi na goma.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Maƙwabcinmu ya fita da tsaninsa. Akwai tebur da kujera a ɗakina, in an ɗora ɗaya kan ɗaya ana kaiwa. Layi na goma sha ɗaya.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Da hannuna na ɗauko shi.

Layi na goma sha biyu, kanta ta ƙasa, inda fina-finan wayar da kan manoma suke. Kiwon Kaji, kashi na biyu. Na san gwangwanin, bara ni na sake liƙa masa lamba da tsohuwar ta ɓare. Na ajiye a gaban mai safar hannu ina ce masa ga abincin ranarsa. Ya ɗora, ya murɗa, ƙaramin allon ya kawo haske.

Awaki a ɗakin haihuwa.

Matar ta shigo tana nuni da hannu. Mai safar hannu ya ce, wannan kaji ne? Shugaban kwamiti ya taso da kofin shayi. Kyamara ta tsaya a kan allon kwangila, ta ƙi tashi, su biyar suka karanta sunan, wani har da motsa baki. Ba wanda ya yi tari. Sai shugaban ya miƙa hannu ya kashe na'urar, ya fita waje da waya a kunne.

Kafin la'asar wata mota marar lamba ta zo. Ba a saka shi cikin akwatin kamfani tare da 'yan'uwansa biyar ba. Kujerar baya aka ajiye shi. Ba a ba Anti komai ta buga ba.

Laraba, ƙarfe 6 na yamma

Na ɗora kujera kan tebur. Tun ranar da na kawo shi ban buɗe ba, wai kar iska ta taɓa shi. Na ja zaren fim ɗin a gaban taga, hoto bayan hoto. Akawu ya fito daga ofis, ya rufe ƙofa. Hoto na gaba, kotu. Ba kango, ba awaki, ba allo.

Yankakken ne. Irin na talabijin. Shi na ɗauko a jakata, shi na kwana a ƙarƙashinsa kwana goma sha takwas ina jin kaina wani abu. Shi Kawu ya ce a ba su.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe 9 na safe

Ban je aiki ba.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Sun saki Kawu jiya. Tunda an ga abin a cikin ɗakin, ba sata, sakaci ne na tsufa. An yi masa ritaya da takarda mai layi huɗu, an karɓi mabuɗi. Darakta ya aiko da katin gayyatar biki mai ruwan zinari, wai a zo da shi a karrama shi. Umma tana ta hamdala tana dafa ruwan gashin ƙafa. Ta dawo da shi gidanmu har ya warware. Ta ce in je in gaishe shi, na ce kaina ke ciwo. Ta dube ni ta ce wannan ciwon kan ya daɗe.

Ina jin tarinsa ta bango.

Litinin, 30 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Umma ta tafi karɓo magani, Kawu ya aiko muryarsa ta tsakar gida. "Barkono." Ba wurin gudu.

Yana zaune a tabarma, ƙafafu a kan matashi. Na durƙusa a bakin ƙofa. Duk jawabin da na tsara kwana huɗu ya gudu ya bar ni.

"Shekara ashirin da shida yana kwance cikin kaji," ya ce, yana kallon ƙafarsa. "An taɓa zuwa nemansa sau ɗaya, kafin a haife ka. A daren na sauya musu gida, shi da yankakken. Duk wanda ya zo da takarda, in ba shi na biyar da hannu biyu, ya duba ya ga ba komai, ya tafi yana murna. Ba wanda ya taɓa tambayar kiwon kaji."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Kai? Da ko mafarki ka yi sai unguwa ta ji?"

"Da ka faɗa min ranar Asabar ɗin."

"A gaban ɗan sanda? Na faɗa maka iya abin da zai faɗu."

Na ce, "Kawu, ni ne na..."

"Na sani tun ranar. Ka mayar da mabuɗin cikin kofi, amma ka juya hannun kofin hagu."

Na jira ya zage ni. Wallahi na so ya zage ni, ya ɗaga sandarsa, ya kira Umma ya faɗa mata wanda ta yi wa Allah ya isa. Na ce akwai wani kwafin a wani wuri? Ya girgiza kai. Na ce ko a ƙasar waje? Ya ce mai fim ɗin da kansa ya kawo masa wanda suka ɗauke ɗin kafin ya rasu, ya ce shi ke nan ya rage.

A waje wani yana gyaran babur yana ta murza shi.

"Ina ka ajiye wancan?"

"Silin."

Sai a lokacin ya ɗaga murya, kaɗan. "Ƙarƙashin kwano? A wannan zafin? Shekara biyu ina koya maka aiki."

"Kawu, yankakke ne. Ba shi da amfani."

"Ko yankakke ne fim ne. Akwai mutane a ciki. Sauko da shi."

Na sauko da shi. Ya buɗe, ya kai hanci, ya yamutsa fuska. Ya fara tsami, in ji shi, amma bai manne ba tukuna, in aka warware shi ya sha iska a inuwa zai yi 'yan shekaru. Ya sa na rufe taga saboda rana, na shimfiɗa zanin gado mai tsabta. Ya zura fensir a tsakiyar naɗin, ya miƙo min bakin zaren.

"Riƙe ta gefe. Kar ka sa yatsa a fuskarsu. Ja a hankali."

Na ja. Akawu yana ta fitowa daga ofis a ƙanana-ƙananan hotuna, yana rufe ƙofa. Fensirin yana kaɗawa a hannun Kawu, sau biyu ya kusa suɓuce masa. Bai ce in karɓa ba, ni ma ban ce ba.

Umma ta dawo ta tarar da mu, ɗaki cike da baƙin zare daga bango zuwa bango. Ta tsaya da ledar magani a hannu. Ta kalli gwangwanin, ta kalli lambar da ke jikinsa da rubutun hannuna, ta kalle ni.

"Yaya, wannan fa daga ina?"

Kawu bai ɗago ba. "Aiki ne na kawo gida. Rufe ƙofa, ƙura na shigowa."

Ta rufe. Daga waje ta rufe.

Talata, 31 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Ta ajiye min shayi a bakin ƙofa, ba ta ƙwanƙwasa ba.